Albishir a Shafin Farko

Duk wanda ya tambaye ni aikina sai na ja numfashi tukuna, don na san amsar za ta ba shi dariya. Da safe ina koya wa ɗaliban kimiyya yadda za su rubuta abin da suka gano, kai tsaye, ba kwana-kwana. Da yamma kuma ina zaune da littattafan Turawan Ingila na zamanin Biktoriya, irin waɗanda za ka gaji da juya shafi kafin baƙo ya cire hularsa ya zauna. Innata, Allah ya ƙara mata lafiya, ta daɗe da yanke hukunci a kan wannan sana'a tawa. Ta ce da safe ina hana masu rai surutu, da yamma in je in saurari na matattu.

A nan Tamanrasset aka haife ni. Iyayena mutanen Damagaram ne, babana ya zo da fatauci ya buɗe shago kusa da kasuwar Assihar, daga nan bai sake komawa gida ba sai ziyara. A bayan buhunan lalle da citta na yi aikin lekkol, wato makarantar boko, da Larabci da Faransanci a kan takarda, Hausa a gida, Tamahaq a bakin titi. Ingilishi kuwa ni na nemo wa kaina, ba wanda ya aike ni. Shi ya kai ni jami'a a arewacin ƙasar nan, ya kuma kai ni ƙasar masu shi, inda na sha sanyin da har yau ƙashina bai yafe mini ba.

Abin da na yi shekaru ina bi a can shi ne matan wancan zamani da suka yi aikin kimiyya ba tare da kowa ya kira su masana ba. Akwai ɗiyar likita mai auna ruwan sama a bayan gidansu. Akwai wadda na fi so, matar wani limamin coci a ƙauye, da ta ƙare rayuwarta tana lura da tsiron bakin rafi. Irin waɗannan mata sukan rubuta littafin tafiye-tafiye ko labarin yara, sai su cusa babban abin da suka gano can ƙasan wani shafi, da ƙananan baƙaƙe, bayan sun gama ba mai karatu haƙuri don sun yi ƙarfin hali. Bayan shekaru sai wani namiji ya tsince shi, ya kakkaɓe, ya ɗora a kan nasa shafin farko da sunansa. Ni aikina tono su. Na rubuta littafi a kansu, kuma ina alfahari da shi, ko da yake waɗanda suka karanta shi a garin nan tabarma ɗaya za ta ɗauke su, har a samu wurin ajiye butar shayi.

Da na dawo gida aka ba ni darasin rubutun kimiyya, don babu mai so. Abokan aikina na ɓangaren kimiyya suna kallona a matsayin mai gyara waƙafi. Ɗalibai kuwa, kai! Ka ce wa ɗalibi ya rubuta abin da ya auna a rijiya guda, sai ya fara da cewa ruwa abu ne mai muhimmanci ga rayuwar ɗan Adam. Daga nan ya gode wa shugabanni, ya gaida magabata, ya bi tarihin rijiya tun daga farkon duniya. Kafin ya iso kan abin da ya auna, mai karatu ya yi hamma ya tafi. Jan bik, wato jan biro, nawa na ƙarar a kansu, Allah kaɗai ya sani. Kuma ban ga laifinsu ƙwarai ba, haka aka rene mu duka. Ba ka shiga gidan mutum ka faɗi buƙatarka daga bakin ƙofa.

Wadda nake son ba da labarinta ba yarinya ba ce. Matar aure ce mai ƴaƴa biyu, ɗiyar wani mutumin Maraɗi mai sayar da goro da kayan yaji a Assihar, kuma unguwarmu ɗaya. Tana neman digirin dokta a kan ƙasa da ruwa. Shekara da shekaru takan bar yara wurin uwarta, ta hau mota zuwa In Amguel, ta tsaya bakin hanya manyan motoci suna watsa mata ƙasa har ta samu mai zuwa Hirafok. Ta dawo da kwalaben ruwa da ƙullin ƙasa a leda, fuska duk ta ƙone.

Abin da ke kai ta shi ne lambunan Hirafok. A wasu daga cikinsu ƙasa takan yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, daga nan tumatir da albasa su ƙi. Gishiri ne. Tun da daɗewa malaminta, wanda shi ke kula da aikin nata, ya yi bayani cewa gishirin daga ruwan rijiyoyin yake, babu magani, wanda lambunsa ya yi fari ya haƙura ya bar shi. Mutane sun ji maganarsa. Wasu sun bar lambunan, ƴaƴansu suka gangaro gari suna aikin gini. Shi kuma ya ci gaba da koyar da haka, aji bayan aji.

Tsoho muke ce masa a bayan idonsa. Mutumin Ahaggar ne, Tamahaq harshensa, amma uwarsa ƴar Agadas ce, saboda haka Hausa ta zauna a bakinsa. Dogo ne, kullum cikin rawani, idanu kawai kake gani. Kowa na girmama shi, kowa kuma na shakkarsa. An taɓa yin wani matashin malami da ya gyara masa magana a taro, daga ranar Tsoho bai sake shan shayi da shi ba har aka yi wa mutumin canjin wurin aiki.

To, ta gama rubuta kundinta, aka aika wa wani mai jarrabawa a arewa. Ya dawo da shi da cewa ya ga wahala mai yawa amma bai ga sakamako ba. Ya ba ta dama guda ta gyara. In ya sake dawowa haka, babu sutanas, wato ranar da ɗalibi ke tsayawa gaban malamai ya kare aikinsa a ba shi digiri. Shekarun da doka ta ba ta kuma sun zo ƙarshe. Ko ta gyara wannan karon, ko duk ƙurar da ta haɗiya ta tashi a banza.

Ta kawo mini kundin har buro, wato ofishina, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi Inna da gida da gajiya, sannan ta ajiye shi a gefen tebur kamar mai ajiye kayan sata. Na karanta. Aiki ne mai tsabta, awo kan awo, ba ha'inci ko ɗaya. Amma ina juya shafi ina tambayar kaina, to sai me? Sai can wajen ƙarshe, a ƙasan wani shafi, da ƙananan baƙaƙe, na ga layi uku. Wai mai yiwuwa ne, in ba ta yi kuskure ba, gishirin da ke cikin ruwan rijiyoyin bai kai ya kashe lambu ba. Wai tun da injin ban ruwa da siraran tiyo suka shigo, masu lambu suna ba da ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai cikin rana, ruwan ya bushe a sama ya bar gishiri. Wai a fangalin da ta gwada shayar da ƙasa sosai da sassafe, ta bar kwanaki tsakani, ta kuma yi wa ruwan hanyar fita, gishirin ya sauka ƙasa, albasa ta fito.

Na san wannan ƙasan shafin, na yi rabin rayuwata a cikinsa. Bambancin kawai, wannan karon mai shi tana da rai, kuma gobe za ta zo buro.

Da ta zo na buɗe shafin na ɗora yatsa. Na ce, "Wannan mene ne?"

Ta ce, "Ɗan abin da na lura da shi ne, Malama."

"Ɗan abin da kika lura da shi? Haba baiwar Allah! Wannan ai shi ne kundin gaba ɗaya, sauran duk rakiya suka yi masa. Ki ɗauko shi ki kai shafin farko, layin farko."

Ta sunkuyar da kai ta ce ba za ta iya ba. Na ce don me. Sai ta ba ni labarin da ban sani ba. Lokacin da ta gama lekkol babanta ya ce karatu ya isa. Tsoho ne ya riƙa zuwa rumfarsa a Assihar, ya zauna kan buhu da rawaninsa da girmansa, yau da gobe, har uban ya ji nauyinsa ya amince. Da ta yi aure shi ya yi wa mijinta magana. Da ta haihu shi ya riƙe mata gurbinta.

Ta ce, "Baba nake ce masa, Malama. Da wane bakin zan tsaya gaban jama'a in ce Baba bai yi daidai ba? Gara a ce ban iya ba."

Na ce mata ai ba zaginsa za ta yi ba, awo ne ya nuna. Ta ce awon ai ba shi zai tsaya a zauren ba, ita ce.

Sai na ɗauko makamina. Na kwafo mata shafukan matan nan nawa na Ingila, na ja layi ƙarƙashin kowane abin da suka binne, na rubuta mata a gefe wanda ya zo daga baya ya ɗauke. Na ce ta je ta karanta ta ga ƙarshen masu irin halinta. Na tabbata zuciyarta za ta tafasa yadda tawa take tafasa. Bayan kwana biyu ta dawo mini da su a jere, ba ko lanƙwasa, ta ce, "Malama, ai waɗannan matan sun samu tarbiyya."

Wallahi saura kaɗan in maka mata littafin a ka. Shekaruna ina kuka a kan matan nan, ita kuma ta ga abin koyi! Na ce ta kwashe takardunta ta ba ni wuri, ni ba na gyara wa mutum likkafaninsa. Ta fita tana share ido. Na faɗa da zafi, kuma har yau ban janye ba. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, don lokaci yana tafiya, kuma na ga da idona ana shirin binne abu mai rai.

Abin ya warware ne a tsakar gidanmu, wata Juma'a bayan la'asar. Ƙanwar ɗalibar tawa tana asibiti tun jiya da naƙuda mai wuya, matan unguwa duk hankalinsu na can. Inna na zaune kan tabarma da carbi, ta kasa cin abinci, don a hannunta aka haifi yarinyar. Ni ina gefe da wani tsohon littafi da ban san me nake karantawa a ciki ba. Sai muka ji an banko ƙofa. Ɗalibata ce, mayafi ya zame, numfashi sama-sama, ta tako har kan tabarmar Inna da takalminta.

"Inna, albishirinki!"

Inna ta ce, "Goro!"

"Fari ko ja?"

"Fari tas! Faɗi mana, ke!"

"Ta sauka lafiya, an samu namiji!"

Inna ta saki carbi ta rangaɗa guɗa. Ta laluba gefen zanenta ba goro, sai ta damƙo dabino ta cika mata hannu. Ni kuwa na tsaya ina kallon ikon Allah. Wannan fa matar da ba ta taɓa shigowa gidan nan ba sai ta tuɓe takalmi tun daga zaure, ta durƙusa, ta tambayi kwana da gajiya da sanyi da awaki. Yau ko sallamar kirki ba ta yi ba.

Na kama hannunta kafin ta juya zuwa gida na gaba. Na ce, "Tsaya. Kin gaida Inna?"

Ta yi turus. Ta dubi takalminta a kan tabarma, kunya ta kama ta.

Na ce, "Inna, yarinyar nan ta yi miki rashin kunya ko?"

Inna ta harare ni ta ce, "Ke dai karatu ya taɓa miki kai. Mutum ya zo da labari irin wannan zai tsaya tambayata gajiya? Da ta tsaya gaisuwa ina nan zuciyata na bugawa, da sai na ci mata mutunci. Gaisuwa ai tana nan, ba gudu za ta yi ba."

Na juya ga ɗalibata, ban saki hannunta ba. Na ce, "Kin ji ko? To saurara. Na sha ganin Tsoho yana maganar lambunan Hirafok muryarsa na raguwa. Ƙasarsu ce. Shi ya ce wa mutanensa su haƙura, kuma tun ranar yake zaman makokinsu. Ke kin je kin gano ba su mutu ba. Labari irin wannan kika ɓoye masa a ƙasan shafi, kina kiran abin ladabi?"

Dabinon na hannunta, ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce bari ta ƙarasa sauran gidajen, ta fita a hankali, ba da gudun da ta shigo ba.

Ranar Lahadi da safe na same ta a ƙofar burona ta riga ni zuwa. Muka zauna aiki. Kada wani ya ɗauka abin ya zo da sauƙi, don kowace jimla sai da muka yi kokawa. Ta rubuta layin farko da "mai yiwuwa" a gaba, "wataƙila" a tsakiya, "Allah ne masani" a ƙarshe. Na ce Allah ne masani kam, amma ke ma ya sanar da ke wani abu, faɗe shi. Na soke, ta mayar, na sake sokewa. A wuri ɗaya na bar mata "wataƙila", inda da gaske ba ta tabbatar ba, wato ko dabarar za ta yi aiki a ƙasa mai yumɓu. Na ce wannan ta gaskiya ce, sauran na tsoro ne. Godiyar da ta barbaza a ko'ina muka tattara ta muka ba ta shafinta guda, ta yi wa Tsoho godiya a can har ta ƙoshi. Tsarin da muka bi shi ne na mai albishir: abin da aka samu tukuna, sannan yadda aka yi, sannan abin da ba a sani ba.

Da muka gama ta ce sharaɗinta ɗaya. Ba za a aika kundin arewa ba sai ta je ta faɗa masa da bakinta, kada ya tsinta a takarda. Na ce wannan kam kin fi ni gaskiya, mu je.

Mun same shi da hantsi a buronsa yana haɗa shayi a ɗan murhunsa. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ba ta durƙusa ba, kundin a ƙirjinta.

Ta ce, "Baba, albishirinka."

Ya ɗago ido ya dube ta, ya dube ni. Ya san abin da ake amsawa sarai, ɗan ƴar Agadas ne. Bai amsa ba.

Na ce a raina shi ke nan, za ta gudu. Sai ta ce, "Lambunan Hirafok ba su mutu ba, Baba. Gishirin ba daga rijiya yake ba, daga yadda ake ban ruwa ne. Na gwada, albasa ta fito."

Shayin ya tafaso ya zubo kan garwashi, bai kula ba. Can ya nuna tebur da haɓarsa ya ce, "Ajiye nan." Ko kujera bai nuna mana ba, balle kofi.

Muna fita ta jingina da bango ta ce, "Malama, kin kashe ni." Na ce mata ta bar wannan magana, komai zai yi daidai. Ƙarya nake yi, ban san ko zai yi daidai ba. Tsoro ya kama ni sosai, don ni na tura ta, kuma ba ni ce zan rasa digiri da uba a rana ɗaya ba.

Bayan ƴan kwanaki ya sa hannu a kundin ya aiko ta hannun sakatare, ba kalma ko ɗaya. Aka aika arewa. Mai jarrabawa ya amsa da cewa yanzu ya ga aiki, a sa ranar sutanas. Amma Tsoho ya ɓace. Buronsa a rufe, waya ba ya ɗauka. Kuma kowa ya sani, a ranar sutanas malamin ɗalibi yana zaune cikin masu hukunci, shi ke magana a ƙarshe. In ya ce bai yarda da awon ba, babu wanda zai tsallake maganarsa a wannan zaure.

Ranar ta zo. Zauren ya cika yadda aka saba, dangi da maƙwabta, mata da farantan alawa da kwalaben lemo a ƙarƙashin kujeru suna jiran a ce an ci. Babanta na can baya cikin babbar riga, ya rufe rumfa. Mijinta na riƙe da yaran. Inna ta ce sai ta zo, ko da yake Faransancinta bai wuce na gaida jandarma ba. Tsoho ya shigo a ƙarshe, ya zauna a gefen teburin malamai, bai dubi kowa ba.

Ta tashi. Na ga bakinta yana shirin fara jero gaisuwa, na kafa mata ido. Ta ja numfashi ta faɗi jimlar farko yadda muka rubuta ta, ba ragi. Zauren ya yi tsit, don rabin waɗanda ke ciki ɗaliban Tsoho ne, sun san abin da ta taɓa. Daga nan kuma sai ta sake. Ta nuna awo, ta nuna hotunan fangali kafin da bayan. Malaman da suka zo daga arewa suka yi tambayoyinsu, ta amsa.

Sai aka ba Tsoho magana. Wayyo, ya matse ta! A wane wata kika ɗebi ruwan? Daga wane zurfi? Wa ya ce miki ba ruwan sama ne ya wanke gishirin ba? Tana amsawa yana ƙara wata. Ya ce, to a ƙasa mai yumɓu fa? Ta dube shi ta ce, "Ban sani ba. Ban gwada ba tukuna." Nan na kusa yin guɗa ni kaɗai, don a duk abin da nake koyarwa babu mai wuyar wannan.

Sannan ya ajiye Faransanci, ya koma Hausa, a gaban baƙin da ba sa ji.

Ya ce, "Ɗiyata, ran nan kin zo mini da albishir ban amsa ba. Ni ba na ba da goron abin da ban gani ba. Na je Hirafok. Na kwana can, na tashi da masu lambu, na sa hannuna cikin ƙasar."

Ya zura hannu cikin rigarsa ya fito da albasa guda, da ganyenta da ƙasarta, ya ɗora kan teburin malamai a tsakiyar takardu. Shugaban zaman ya janye nasa takardun da sauri.

Tsoho ya ce, "Sake faɗa."

Ta kasa. Ya ce, "Sake faɗa mana, ina jira."

Ta ce, "Baba, albishirinka."

"Goro."

Hawaye na zuba ta ce, "Fari ko ja?"

Ya ce, "Fari." Ya sake zura hannu ya fito da goro fari ƙal, babba, a naɗe cikin ganye. Ya tashi da kansa, ya zagayo tebur ya sa mata a hannu. Sannan ya juya ga zauren ya koma Faransanci, ya ce abin da ya koyar shekara da shekaru a kan lambunan nan ba daidai ba ne, wannan ɗalibar ta gyara shi, kuma duk wanda ya yi karatu a hannunsa ya je ya gyara abin da ya rubuta.

Inna ba ta jira fassara ba, ta ga goro. Ta saki guɗa, matan unguwa suka amsa, zauren ya rikice. Shugaban zaman yana buga tebur yana tambaya me ke faruwa, ba a ma shiga shawara ba tukuna. Ni da nake malama, wadda ya kamata in tsawatar, ina cikin masu guɗar, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Suka shiga shawarar dai don cika ƙa'ida, suka fito suka ba ta digirin da yabo mafi girma. A rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, har da ranar da littafina ya fito.

A wajen shan lemo babanta yake ba mu labari, yana dariya har da riƙe ciki. Ashe jiya Tsoho ya je rumfarsa, ya sa aka kwance huhun goro gaba ɗaya, yana ɗauka yana ajiyewa har ya samu wanda ya yi masa. Ya kuma rantsar da shi kada ya faɗa wa kowa. Mutumin ya kwana da maganar a ciki, matarsa na tambayarsa me yake yi wa murmushi.

Tun daga shekarar, ranar farko ta darasina ba na fara da dokokin rubutu. Nakan tambayi aji yadda ake kai labarin haihuwa a gidajensu. Masu Larabci suna da nasu, masu Tamahaq suna da nasu, duk kuma daga bakin ƙofa ake faɗa. Sai in ce to haka nake son shafinku na farko. Malaman kimiyyar da ke ce mini mai gyara waƙafi yanzu su ke turo mini ɗalibansu, wasu ma su turo nasu rubutun a ɓoye. Ita kuwa tana koyarwa tare da mu, buronta na kusa da nawa, kuma na ji ɗalibai na cewa jan bik ɗinta ya fi nawa zafi. Tana zuwa Hirafok har yanzu, an fara gwajin ƙasa mai yumɓu.

Kafin a watse a ranar, ta same ni a bakin zaure. Ta ɓare goron biyu, ta durƙusa ta miƙo mini ɓari guda. Ni ba na cin goro, ɗacinsa ba ya yi mini. Na gutsura kaɗan don kada ta ji ba daɗi, na ƙulle sauran a bakin mayafi.

Yana nan har yau a kan kantar littattafaina. Ya bushe ya yi ja, a gaban littafin matar limamin nan mai lura da tsiron bakin rafi. Inna takan ce in jefar da shi, zai jawo tururuwa. Nakan ce mata a bar shi, ba nawa ba ne. Na waccan baiwar Allah ne, ita ba wanda ya ba ta nata.